Gurbin da Injiniya Bai Karanta Ba

Shekara bakwai Injiniya ya yi yana gina manhajar da kamfaninsu ke sayar wa kantunan magani. Ita ce ke gaya wa mai kanti wane magani ne ya kusa ƙarewa a kan kanta, wanne ne kuma wa'adinsa ya kusa cika. Kamfanin ba wani babba ba ne, ɗakuna uku ne a saman shagon tayoyi, ma'aikata tara. Huɗu daga cikinsu injiniyoyi ne, amma idan aka ce "Injiniya" babu mai tambayar wanne. Sauran ukun sunayen tsokana gare su. Shi kaɗai ne teburinsa ke kusa da taga, shi kaɗai ne kuma Shugaba ke ƙwanƙwasa wa tebur kafin ta yi masa magana.

Wata rana wata babbar ƙungiya mai asibitoci goma sha ɗaya ta ce tana son manhajar. Ana cikin murna sai ga takardar lauyansu. Abin da ya nema bai shafi gudun manhajar ko kyanta ba. Lasisi ya nema.

Babu wanda ke rubuta manhaja shi kaɗai tun daga tushe. Ana ɗebo ƙunshe-ƙunshen da wasu suka rubuta suka saki, yadda magini ke kawo ƙofa da taga daga wajen kafinta. Kowane ƙunshi kuwa da sharaɗin mai shi. Wani ya ce ɗauki ka yi yadda ka ga dama, ka dai bar sunana a jiki. Wani ya ce idan ka gina a kan nawa ka raba wa jama'a, to kai ma sai ka buɗe naka kowa ya gani. Lauyan ya ce ba ya son dogon bayani. Kowane ƙunshi a ba shi shafinsa a tsari ɗaya: suna, bugu na nawa, inda aka samo shi, da gajeren sunan lasisinsa kamar yadda masu sana'ar suka amince a riƙa rubutawa, don na'urarsu ta karanta da kanta.

Aka ƙirga ƙunshe-ƙunshen, ɗari huɗu da goma sha biyu.

"Ni fa ina da ciwon ido," in ji Dogo, mataimakin Injiniya, ya cire tabarau yana murza fuska. "Likita ya hana ni karanta duk abin da lauya ya rubuta."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya ɗaga hannu. Injiniya ya jingina da kujera ya dubi Shugaba ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ai ba aikin injiniya ba ne, aikin jera kati ne. Ina da ƙanwa a gida, shekara goma sha biyu ta yi a ɗakin karatu tana jera littattafai. Tun da aka haɗe ɗakin karatun nasu da wani aka rage ma'aikata, tana zaune. A ba ta wata uku ta rage zaman banza."

Haka Auta ta shigo kamfanin. Matar aure ce mai 'ya'ya biyu, amma a gidansu har yanzu Auta ce, ofis ma ya ɗauki sunan daga bakin yayanta. Aka ba ta tebur tsakanin firinta da ƙofar banɗaki. Ta kawo ɗan ƙyalle ta goge shi, ta ajiye littafinta mai baƙin bango da biro biyu.

Makonnin farko Injiniya ya ji daɗin zamanta. Takan zo ta tsaya a gefen teburinsa har ya ga damar ɗago kai.

"Yaya, wannan ƙunshin lasisi biyu gare shi. Mai shi ya ce a zaɓi ɗaya, ko kuwa duka biyun ne suka hau kanmu?"

"Duk ɗaya ne. Rubuta su kawai."

"Ba ɗaya ba ne, Yaya. Idan na sa *ko*, zaɓi ne. Idan na sa *da*, mun ɗaure kanmu da igiya biyu."

"To, malamar ɗakin karatu, je ki bincika mana."

Ta je ta bincika. Wanda ba ta gane ba ta rubuta wa mai shi imel, ta jira amsa. Wanda ya ƙi amsawa ta sa masa alamar ba a tantance ba, ta ƙi yin kame-kame. Wata Talata da rana ta zo masa da tambaya a kan fayil ɗin da ke lissafin kwanakin wa'adin magani, wanda shi ne zuciyar manhajar gaba ɗaya.

"Wannan babu sunan kowa a samansa. Na wa ne?"

Idonsa na kan kwamfuta ya ce, "Namu ne. Ni na rubuta."

Ta rubuta wani abu a littafinta ta koma wurinta.

Sati bakwai ta gama. Aka aika. Na'urar lauyan ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ba ta tsaya a ko ɗaya ba. Washegari lauyan da kansa ya kira Shugaba, ita kuwa ta sa wayar a amsa-kuwwa don kowa ya ji. Ya ce kamfanoni shida ne suka aiko musu irin wannan jerin a bana, kuma wannan ne kaɗai ba su mayar ba. Ya tambayi wa ya yi shi. Shugaba ta faɗa masa. Dogo ya tashi ya fara tafi, sauran suka bi. Injiniya ma ya tafa, sau uku, tafin da hannu bai cika haɗuwa ba.

Daga nan abubuwa suka fara canjawa a gabansa yana kallo. Aka ɗauke teburin Auta daga bakin banɗaki aka kawo shi ɗaya tagar. Wata ukun nata suka zama aiki na dindindin. Shugaba ta kafa doka, ba wanda zai ƙara shigo da sabon ƙunshi sai Auta ta duba lasisinsa. Ranar da Injiniya ya fara tura mata nasa ta dawo masa da shi da gajeren saƙo: "Yaya, wannan ba zai yiwu ba, ga wani madadinsa." Ya karanta saƙon sau huɗu. Madadin ya fi nasa kyau, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Sai kuma gayyata ta zo daga wani babban taron masu manhaja a wani gari, suna so Auta ta je ta yi bayanin yadda ƙaramin kamfani ya tsara lasisinsa. Sau biyu Injiniya ya taɓa aika wa taron nan buƙatar yin jawabi, sau biyu suka amsa masa da godiya da ban haƙuri.

Ranar hutu suka haɗu a gidan Inna, mahaifiyarsu, kamar kullum. Inna ba ta san mene ne lasisi ba, amma ta riga ta gaya wa maƙwabta uku. Ta zuba wa Auta shayi da hannunta, ta juyo ta ce masa, "Ashe ƙanwarka ce ta ceto muku kamfanin?"

"Inna, ni na kai ta fa."

"Allah ya yi maka albarka. Amma dai ita ta yi aikin, ko?"

A mota matarsa ta dube shi ta gefen ido. Ma'aikaciyar jinya ce, ta saba gane ciwo kafin mai shi ya faɗa.

"Baban yara, tun ɗazu fuskarka kamar an aiko maka da sammaci."

"Gajiya ce."

"Gajiyar da ke tashi idan an ambaci Auta kaɗai? Wannan ai sunanta daban a asibitinmu."

Ya yi tsaki ya ƙara wa rediyo murya. A ransa yana ta lissafi: shekara bakwai yana gini, ba wanda ya taɓa tafa masa. Ita sati bakwai ta yi tana manna wa kayan wasu suna, har an fara kiranta taro. Bai ƙi ta samu ba, haka yake gaya wa kansa. Shi dai a ce ta samu a ƙasa da shi.

Ranar Litinin ya fara zama a ofis lokacin cin abincin rana. Idan kowa ya sauka, sai ya buɗe jerin Auta yana bi shafi-shafi, yana neman inda ta yi tuntuɓe. Idonsa na kan gurbi ɗaya kawai, gurbin lasisi. Sauran guraben a ganinsa ado ne irin na masu ɗakin karatu. Kwana uku bai sami komai ba, ko ɗigon da ya kauce. A rana ta huɗu ya iso shafin fayil ɗin lissafin kwanaki, inda ta rubuta cewa mallakin kamfani ne.

Ya daɗe yana kallon layin, wani daɗi mara kyau na ratsa shi.

Ba shi ya rubuta fayil ɗin ba. A shekarar farko, aiki ya sha masa kai, ya samo shi a intanet a wurin wani malamin lissafi da bai taɓa gani ba. Layi shida ne a samansa, sunan malamin da lasisinsa, irin lasisin nan da ke cewa wanda ya gina a kai sai ya buɗe nasa. Ya goge layukan da niyyar rubuta nasa daga baya. Bayan bai zo ba. Ya yi ta gyara fayil ɗin yana ƙara masa, har ya wayi gari yana ce masa nawa ba tare da ƙirjinsa ya buga ba.

Ya tuna ta tambaye shi. Amma magana ce ta baka, a tsaye, wata Talata. Wa zai tuna? Ya ce wa kansa ai aikinta ne ta tono, in da gaske ƙwararriya ce da ta gano. Zai ce kawai ya ci karo da asalin fayil ɗin, kuma a shekarar farko hannaye da yawa ne suka taɓa aikin. Shi ne zai zama wanda ya ceci kamfanin daga ƙara, ita kuma a ga iyakarta.

Ya jira taron safiyar Litinin, inda kowa ke nan. Auta ta haska jerin a bango da majigi tana nuna sababbin ƙunshe-ƙunshe uku da aka ƙara. Ya bari ta kai ƙarshe, sannan ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ba don in rage wa kowa daraja ba, amma akwai babban kuskure a jerin nan da aka riga aka aika wa lauya."

 Ya faɗi sunan fayil ɗin, ya faɗi sunan malamin, ya buɗe asalin a wayarsa ya miƙa wa Shugaba. Ya ƙara da cewa, "Shi ya sa nake cewa aikin nan yana son wanda ya san manhaja ciki da waje. Jera kati daban, wannan daban."

Auta ta dube shi. Bai ga tsoro a fuskarta ba, wani abu ya gani mai kama da roƙo, amma bai tsaya fassara shi ba.

"Kuskurena ne, ranki ya daɗe," in ji ta da sauri. "Zan gyara yau." Ta kai hannu za ta rufe kwamfutar.

"Dakata," in ji Shugaba. "Buɗe mana shafin mu gani."

"Ai na gane wurin, zan..."

"Auta, buɗe."

Ta buɗe. Shafin ya cika bango. A ƙarƙashin gurbin lasisi akwai wani gurbin, na ƙarin bayani, wanda tsarin ya tanada don a faɗi dalilin da ya sa aka rubuta abin da aka rubuta. Auta ba ta bar shi a wofi ba a ko da shafi ɗaya cikin ɗari huɗu da goma sha biyu. A wannan ta sa: *Babu suna a saman fayil. Babban injiniya ya tabbatar da bakinsa cewa shi ya rubuta.* Ga kwanan wata a gefe.

Dogo, wanda bai taɓa rasa abin cewa ba, ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.  Injiniya ya buɗe baki zai kawo maganar hannaye da yawa, sai ya tuna Shugaba tana nan tun shekarar farko, ta kuma san hannu ɗaya ne.

"Kowa ya koma aikinsa," in ji Shugaba. "Injiniya, ka tsaya."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi wa ya goge layukan, ya ce shi ne. Ta tambaye shi yaushe ya tuna, ya ce ranar Alhamis. 

"Goge layukan, zan iya cewa ƙuruciya ce da matsin aiki. Amma daga Alhamis zuwa yau kwana huɗu ne, ofishina kuma taku biyar ne daga teburinka. Ka zaɓi ka jira taro." Ta tattara takardunta. "Ƙanwarka ce fa."

Abin da ya biyo baya ya ɗauki sati uku. Shugaba ta kira lauyan ta gaya masa gaskiya, aka ɗage ranar fara aiki. Auta ta rubuta wa malamin lissafin, wanda ashe ya daɗe da yin ritaya. Ya amsa da fara'a, ya ce ya ji daɗi rubutunsa na hana mutane shan lalataccen magani, ba zai tayar da maganar baya ba, amma lasisinsa ba zai canja ba. Kamfanin bai shirya buɗe manhajarsa ba, don haka sai dai a cire fayil ɗin a rubuta sabo. Lauyan kuma ya ba da shawarar kada wanda ya san tsohon ya rubuta sabon, don kada hannunsa ya maimaita abin da ya haddace.

Aka ba Dogo. Injiniya aka ce ya rubuta a takarda abin da ake so fayil ɗin ya yi, ya miƙa, ya koma gefe. Yana zaune kusa da tagarsa yana jin ƙarar madannan kwamfutar Dogo, wani na sake gina zuciyar manhajarsa. Ranar da aka gama, Dogo ya rubuta sunansa da lasisin kamfani a layin farko, ya tura wa Auta ta shigar.

Duk tsawon lokacin Injiniya bai yi wa ƙanwarsa maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ita ma ba ta tayar ba. Abin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne hannun da ta kai za ta rufe kwamfutar. Ya so a ce ta rama, ko ta kai ƙararsa wurin Inna, da ya sami abin riƙewa. Inna kuwa ba ta ji komai ba.

Ranar tafiyarta taron, mijinta na wurin aiki, sai Inna ta kira shi ta ce ya kai Auta tasha. Ya zo ya ɗauki jakarta ya sa a but ɗin motarsa. Suka yi nisa har fitilar kan hanya ta tsayar da su kusa da wani gidan mai.

"Me ya sa kika ce kuskurenki ne?"

"Saboda nawa ne, rabi. Ya kamata in bincika ko da ka faɗa. Na bincika na baƙi ɗari huɗu, naka kaɗai na karɓa a baki." Ta juya kan jakar hannunta. "Don kai ne."

Ya kalli fitilar. Ta ƙi canjawa.

"Na yi kwana huɗu ina neman inda kika faɗi," in ji shi. "Da gangan. Ban ci abincin rana ba."

"Na sani. Jerin yana nuna wanda ya buɗe shi da lokacin. Na ɗauka duba min kake yi, har na gaya wa maigidana Yaya ya fara kula da aikina."

Fitilar ta canja. Na bayansu ya danna hon, Injiniya ya ja motar.

"Ki yafe min, Auta."

"Na yafe. Amma na ji ciwo, Yaya, kada ka ɗauka ban ji ba. A banɗaki na yi kukana ranar, tunda na san hanyarsa." Ta ɗan murmusa, ta goge gefen ido. "Ina so in ba da labarin fayil ɗin a jawabina. Ba suna. Shi ne abin da mutane za su fi amfana da shi. In ka ce a'a, na bari."

Ya ji abin nan ya sake taso masa, tsohon ƙyashin, bai mutu ba. Har kunyarsa ma ita za ta samu tafi a kai. Ya riƙe sitiyari ya bar shi ya wuce, yadda ake jiran ciwon ciki ya lafa.

"Ki faɗa. Ki ce babban injiniya ne, kada ki ce wani ƙaramin ma'aikaci. Su san manya ma na yi."

"To."

"Kuma kada ki tsaya kina karanta allo kina ba mutane baya. Haka kike yi a ofis."

"Ka gani? Da ka sa ido ka samo kuskure na gaske."

A tasha ya sauke mata jakar, ya tsaya har ta sami kujera ta ɗaga masa hannu ta taga. Motar ta tashi. Ya koma ofis, ya tarar Dogo ya maƙale a kan wata matsala ta shekarar da watan biyu ke yin kwana ashirin da tara, yana ta jan gemu.

"Injiniya, an ce kada ka taɓa, amma ba a ce kada ka yi min tambaya ba."

Injiniya ya jawo kujera ya zauna a gefensa, ya harɗe hannuwa a ƙirji don kada su kai kan madannai.

"To, gaya min," in ji shi. "Idan magani ya shigo ranar ƙarshe ta wata, me ka ce manhajar ta yi?"